Allon da na kafa bara har yau fes yake

Malama, ki taimake ni da shawara, abin ya tsaya mini a rai. Ranar Talata da safe na shiga ɗakin Inna gyaran sakata, sai na ga takardar gurbin karatun ƙanwata a kan keken ɗinki. A aji shida na tsaya, amma ina karanta sunan makaranta. Ba wadda muka tsayar ba ce.

Ni kafinta ne. Ƙanwar tawa Auta kuwa lissafi take so ta karanta, tun tana ƙarama ita ke fitar mini da awon katako da ka. Jami'o'i biyun da take dubawa duk na yi musu aikin benci. A ta nesa, allunan sashen lissafi kullum cike suke, har ƙofa ɗalibai ke bin malami da tambaya. A ta kusa da gida, allon da na kafa bara na koma na tarar da shi fes. Na faɗa mata ta zaɓi ta nesa, ta ce ta amince.

Ashe Yaya, mai digirin gidanmu, ya sa ta canza zuwa ta kusa tun wata biyu, wai kafinta ya tsaya ga katakonsa. Kullum muna cin abinci tare, ba wanda ya ce mini uffan. Saura mako guda a rufe canji. In yi magana, ko in cire hannuna daga lamarinta? Inna tana wurin lokacin da na ɗauki takardar, ta sunkuyar da kai. Auta ma tana bakin ƙofa.

Kafinta mai haƙuri

Ɗan'uwa, ɓoye maka da aka yi bai kyautu ba, kuma maganar Yaya raini ce. Abin da ka lura da shi, shi masana ke cewa a duba: ko ana koyarwa, ko malamai na samuwa.

Sai dai allo fes ba hujja ba ce ita kaɗai. Wataƙila an koma wasu azuzuwa, wataƙila kuma Auta tsoron nisa take ji, kunyarka ta hana ta faɗa. Kada ka cire hannu, kada kuma ka ja da Yaya a kanta. Cikin makon nan ka kai ta duka biyun. Ta tambayi 'yan ajin ƙarshe malamai nawa ke shigowa, ta leƙa ɗakin karatu, ta tsaya gaban allunan. Kai cikarsu ka gani, ita za ta karanta abin da ke kansu. Wadda ta zaɓa da idonta, ka ɗaukar mata akwati zuwa can.

Allah ya huci zuciyarka, ya ba Auta sa'a.