Ba Su Ɗauki Baba Ba

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti Rabi da yara. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Mu nan Tsanyawa sai godiya.

Ranar Talata muka koma asibiti a Kano da Baba, kan gwajin sabon maganin da ake yi wa masu ciwon dajin da ya riga ya bazu. Ya sa farar rigarsa, har yana tsokanar Inna a mota.

Yaya, ba su ɗauke shi ba. Likitar ta ce ƙodarsa ta yi rauni, maganin zai iya cutar da shi. Tana magana, ta kasa ɗaga kai. Sai Baba ya ce mata, "'Yata, ɗago ki dube ni. Wata biyu kina nema mini hanya, na gani. Allah ya ba waɗanda aka ɗauka lafiya."

Ta canza masa maganin rage zafi, yanzu yana samun barci.

Da muke dawowa ya sa direba ya sauke mu a bakin gona. Ya daɗe yana kallon dawa, sannan ya tambaye ni yaushe za ka samu hutu. Bai ce in faɗa maka ba. Ni ce nake roƙonka, kada ka jira girbi.

Ka ci gaba da yi masa addu'a. Inna tana gaishe ku duka.

Ƙanwarka,
Hadiza