Baƙin Hayaƙin Motar Baba

Zuwa ga Kawu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da mutanen gida da yaran gareji. Na rubuto ne saboda kunnenka ba ya jin waya, ni kuma ba na son yin ihu a gaban Mama.

Ranar Litinin na kai motar marigayi Baba wurin gwajin hayaƙi don a sabunta mata takardu. Ta faɗi. Na'urarsu ta nuna uku da ɗigo ɗaya, iyakar da suka yarda da ita ɗaya ce. Sun ba ni kwana goma sha huɗu. In ta sake faɗuwa, ba za ta hau titi ba. Ka san da ita nake kai Mama wankin ƙoda Talata da Juma'a, kuma bayanta ba ya jure wa motar haya.

Kwana uku ina kanta a tsakar gida. Filogi huɗu duk sun yi baƙi ƙirin, na canza. Na wanke matatar iska. Hayaƙin bai ragu ba. Sai na bar injin yana aiki minti ashirin na auna zafinsa: digiri hamsin da takwas. Ya kamata ya kai casa'in. Da na kwance bakin tiyon sama, wurin tamostat, mai tare ruwa har inji ya yi zafi, wayam! An kuma ja wa fanka waya kai-tsaye, tana juyawa tun daga kunna makulli. Fitilar gargaɗi ma an liƙe ta da baƙin salatif.

Kawu, injin da bai yi zafi ba, kwamfutarsa ɗauka take yi yanzu aka tashe shi, sai ta yi ta ɗura masa fetur. Shekara shida ke nan babu mai taɓa motar nan sai kai. Wannan ba gyara ba ne, jahilci ne. Na sayi sabon tamostat.

Ka huta lafiya.
Auta

Zuwa ga Injiniyar takarda,

Ina amsa gaisuwa. A gaida min yayata.

Jahilci! Ni? Tawadar shaidar karatunki ko bushewa ba ta yi ba. Shekara talatin da huɗu ina kwana da baƙin mai a farce, ke da na goya a kan benci a gareji kina cin goro na ba da sanina ba, yau ke ce mai koya min zafin inji. Ƙwai ya fi kaza wayo ke nan.

Ni na cire tamostat ɗin, ban ɓoye ba. Kin tambayi dalili? Shekara shida da suka wuce motar ta tafasa a tsakiyar hanya da uwarki a ciki, rana tsaka, babanki yana fifita ta da hularsa. Lagireto ne ya toshe. Na ce a canza, babanki ya ce a bari sai an ga hali. Na yi dabarar da za ta kai su gida, dabarar ta zauna. Salatif kuwa uwarki ce ta ce fitilar nan tana tayar mata da jini.

Kuma wa ya toshe lagireton? Wace ce take ɗebo ruwan rijiya da buta kowace safiya tana cika shi, tana cewa ita ce bakaniken Baba? Littafinku bai gaya miki abin da ruwan rijiya yake bari a ciki ba?

Kada ki sa abin nan a kan wannan lagireto. Za ki ƙona gaskit, ki rasa motar gaba ɗaya.

Wassalam.
Kawunki, jahili

Zuwa ga Kawu,

Ina gaisuwa da ladabi, da fatan ka tashi lafiya.

Takardarka ta iso ranar Asabar. Ni kuwa tun Alhamis na ɗaura tamostat, na mayar da fanka yadda aka ƙera ta. Hayaƙin ya washe, har na kara farin ƙyalle a bakin salansa bai yi baƙi ba.

Juma'a na ɗauki Mama. Kilomita bakwai muka yi allurar zafi ta haura layin tsakiya, a na tara ta kusa taɓa ja. Na kashe mota a gefen titi kusa da masu faci. Mama ta ce, “Auta, kawunki ne ya gyara ko ke?” Na ce ni ce. Ta ce, “To, Allah ya kyauta. Tsayar mana da mai keke.” Mun makara minti arba'in, saura kaɗan a ba wani gadonta. Ban bar gefenta ba sai da aka sa mata allura.

Da injin ya huce na bincika. Babu ruwa a cikin mai, babu kumfa, gaskit bai taɓu ba. Jiya na sake tashe ta a gida na taɓa lagireto: gefe ɗaya zafi, tsakiya sanyi ƙalau. Na wanke shi sau biyu, laka da tsatsa suka fito, bai buɗe ba. Maganarka gaskiya ce. Butar ma na tuna ta, shuɗiya ce.

Amma ni ma raina a ɓace yake. Shekara shida ka san da wannan, ko sau ɗaya ba ka faɗa min ba, ko bayan rasuwar Baba da ka miƙo min makulli da hannunka. Kuma ba zan cire tamostat ba. In na cire, ta faɗi gwaji. In na bari, ta tafasa. Na zaga shaguna biyar, babu lagireton irin wannan tsohuwar, wai sai an yi oda, mako uku. Kwana takwas suka rage min. Ban san yadda zan yi ba, Kawu.

Kalmar da na rubuta a waccan takarda, bai kamata ba.

Taka,
Auta

Auta,

Ina gaisuwa.

Motata da ta babanku irinsu ɗaya, rana ɗaya muka saye su. Na sa yara sun kwance lagireton tawa, direban da ya kawo miki wannan takarda yana ɗauke da shi a but ɗin motarsa. Lafiyayye ne. Ki bar tamostat ɗinki a ciki. Ruwan lagireto na kanti za ki zuba, ba na rijiya ba.

Ni zan riƙa zuwa gareji a ƙafa, likita ma ya ce in rage tumbi.

Don yayata na yi, ba don ke ba. Fushina yana nan, sai kin zo da kanki kin durƙusa.

Kawu