Kejin da Efren Ya Auna

Tanauan, 3 ga Yuni

Zuwa ga Baban Dindo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, ciwon bayan nan kuma ya sake ka. Mu nan ƙalau, sai ruwan sama da ya sako mu gaba.

Kejin raga na atisayen buga ƙwallon besbol da ka zaɓa daga Doha ya iso. Ni babban da Koci Lando mai horar da Dindo ya nuna na so, amma ka ce ka san ɗanka, ƙaramin ya ishe shi. To, na bi naka. Yayana Berto ya kafa shi tsakanin mangwaro da rijiya, yana ta tsiya wai ragarsa ta kifi ta fi wannan mutunci. Dindo kullum da sassafe yake shiga, kafin ma ya ci shinkafarsa. Gwajin besbol na jami'ar Manila saura wata biyu, in suka ɗauke shi karatunsa ya samu.

Taka,
Perlita

Tanauan, 28 ga Yuni

Baban Dindo,

Ina gaishe ka, ya aiki, ya zafin can? Na sa an farke kejinka. Ka gama karantawa kafin ka yi fushi.

Koci Lando ya zo har gida, ya ce bugun yaron ya lalace, ya daina miƙe hannu. Na tsaya ta taga na gani da idona: da ya saki jiki, sai gorar bugun ta sarƙe a raga. Ashe sati uku yana takure kansa don ya yi daidai da kejin. Na tambayi Dindo me ya hana shi magana. Ya ce, "Mama, ai Baba ne ya auna. In na ce ya yi mini kaɗan, ba zai ji daɗi ba." Wallahi sai da na koma kicin na yi kuka.

Berto ya ƙara faɗin da ragarsa ta kifi. Yanzu bayan gida ƙarni yake, shi kuma sai taƙama. Koci ya ce bai sani ba ko bugun zai dawo cikin sati biyar.

Ban ga laifinka ba, Efren. Shekara biyar daga wuya zuwa sama kake ganinsa a waya. Zanen tsawonsa da ka yi da wuƙa a jikin ƙofa ranar tafiyarka, yau na tsayar da shi a wurin. Ko hammatarsa bai kai ba.

Gwajin ranar uku ga Agusta ne. Ka nemi hutu.

Matarka mai kewarka,
Perlita