Motar da ke gindin gawo

Angona Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ya yara, ya Hadiza da ta ƙwace mini kai?

Na ji za ka sayi mota sabuwar fitowa. Irinta maƙwabcinmu Alhaji Mamman ya sayo. Ranar da ya ɗauki Rabi matarsa tana naƙuda zuwa Tasawa, motar ta mutu a hanyar Maijirgi. Makanisai suka leƙa, ba wanda ya san cikinta. Kafin a samo amalanken jaki, Rabi ta cika.

Motar tana nan gindin gawo, kujerunta da leda. In na wuce, fuskarka nake gani a gilashin.

Bari wasu su tsufar da ita tukuna. Ko a jaki ka zo, ban fasa aurenka ba.

A sa mu a addu'a. Gaida mutanen Yamai.

Kakarka, Abu