Sunan Da Ba Ki Taɓa Kira Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Mma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan rahamar Allah na ci gaba da sauka a makwancinki, ina sanar da ke cewa gidanmu na unguwar Akwatialine lafiya, jikokinki lafiya, 'yan matan da nake koyar da su kwamfuta ma suna gaishe ki.

Mma, a gurguje nake rubuto miki, saboda haka ki yi haƙuri da rubutun.

Kin sani ni ce 'yarki ta fari, kuma har kika koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinki ba. "Ke yarinya." "Waccan." In baƙi sun tambaya, sai ki ce, "'Yar gidan nan ce." Na san kunya ce irin ta iyayenmu, ba ƙi ba. Amma ina ƙarama nakan tsaya bayan ƙofa in ji kina kiran ƙannena ɗaya bayan ɗaya, ina jira ko za ki yi kuskure.

Bayan rasuwarki, ƙaninki Kawu Issaka ya kira ni gidansa a unguwar Buokrom, ya miƙo mini tsohuwar kyamararsa da ƙaramin kaset. Na walimar da aka yi ne ranar da na gama kwalejin horon malamai. Ya ce ya ajiye kyamarar a kan benci kusa da murhu, ya manta bai kashe ba, kuma a nan kika faɗi sunana. Ya ce da kika gane, kin hana shi nuna wa kowa muddin kina raye.

Kaset ɗin ya sha damina da yawa a cikin akwatin Kawu. Ta tagarsa ina hango farin fumfuna a jikin zaren. Mai gyara a Ashanti New Town ya goge abin da zai gogu, ya ce zaren ya yi laushi, kada in yi ta juya shi, kowane juyi yana iya zama na ƙarshe.

Na sayi 'yar na'urar da ke haɗa kyamara da kwamfuta, mai waya rawaya ta hoto da fara ta murya. Karon farko allo ya yi shuɗi kawai. Na goge kan da ke karanta zaren da auduga, na sake kunnawa. Hoto ya fito yana tsalle, layuka suna yanka shi. Sai ga ƙafafunki, Mma. Ga lallenki, ga bakin zaninki mai ruwan goro, ga gindin tukunyar waakye, shinkafa da wakenki. Kusa da ke ga silifas ɗin Maame Akosua, maƙwabciyarmu Ba'asantiya.

Amma babu murya. Ko tari babu.

Ina kallon hannunki yana sauka yana tashi, na san magana kike yi, kuma zaren yana ta wucewa. Kafin in kai ga tsayarwa, na ji ƙarar da ban so ji ba, kyamarar ta tauna zaren. Na buɗe a hankali, na zaro shi a yamutse kamar ganyen da aka murza. Na shimfiɗa shi da bayan farce, na naɗe shi a wurinsa, ina salati.

Ban sake taɓa shi ba sai da na gano matsalar. Na gwada da wani kaset na banza, na canza waya, na duba kowane rami. Ashe manhajar tana sauraren makirufon kwamfutar ne, ba farar wayar ba. Ni nake naɗar numfashina a kan hotonki.

Yau Asabar da hantsi na zauna yin na ƙarshe. Hadari ya haɗo ta wajen Manhyia, kuma kin san halin wutarmu, da iska ta kaɗa sai dumsor, a ɗauke ta. Batirin kyamarar ya mutu tuntuni, da wutar bango take aiki. In aka ɗauke tana cikin juyi, zaren zai maƙale a ciki. Na so in bari sai gobe, amma fumfunar ba ta jira. Na yi bisimilla, na danna.

Ƙarar ludayi ta fara zuwa. Sai hayaniyar mata, sai dariyarki. Mma, na manta kina dariya haka. Fitila ta yi ƙasa, ta dawo. Wurin da ya yamutse yana matsowa, hoto ya fara karkacewa. Maame Akosua ta tambaye ki da yarensu na Twi, wa ake wa wannan girki haka kamar na sarki. Na riƙe bakin tebur.

Sai kika ce, "Me ba Salamatu." 'Yata Salamatu. Kika ƙara da Hausa, ƙasa ƙasa, "Salamatu tawa, malama ce yanzu."

Daga nan zaren ya tsinke. Ban kula shi ba, na adana abin da ya shiga kwamfuta, na buɗe na saurara don in tabbata. Yana nan. Ruwa ya sauko, aka ɗauke wuta, ni kuwa ina zaune ina amsawa, na'am Mma, na'am.

Ranar Litinin zan ce wa 'yan matan ajina kowacce ta je ta tono kaset ɗin gidansu tun bai ruɓe ba, ni zan koya musu yadda ake yi. Amma wannan ba zan nuna musu ba. Kin ɓoye shi, zan riƙe miki kunyarki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi. Ya haɗa mu a Aljanna, inda za ki kira ni da ƙarfi in taho da gudu. Amin.

Taki har kullum,
Salamatu