Gahawar Mambilla

Daren Alhamis, Woodbridge

Barci ya ƙi zuwa. Jibi sunan jikata ta fari, alhamdulillahi, kuma gahawar gonar marigayi Babana da ke Mambilla za mu raba wa baƙi. Ɗana Sani ya manna wa kowace leda takarda: "Gahawar Afirka." Na ce, "Afirka ce ta shuka ta ko kakanka?" Ya yi dariya: "Baba, wa ya san Mambilla a nan ƙasar Turawa?"

Na ji a rediyo ana neman kafa dokar rubuta asalin gahawa. Ba zan jira su ba, na ɗauko biro. Rubutun yaƙi da jahilci ba ya sauri, amma kafin Sani ya tashi kowace leda za ta ce Mambilla.