Katin Allurar Kofur

Laraba da dare, Kafanchan, 1976

Karenmu Kofur ya tsira, ni ne na sha kunya.

Jiya ya cafki ƙafar Malam Bitrus na reluwe a ƙofar gida. Yau da safe duba-gari ya zo, wai in kawo katin allurar haukan kare ko a harbe shi. Na shiga ɗaki, na fito ina taƙama, na miƙa masa takarda. Ya duba ya ce, "Baban Ladi, yaushe aka yi wa karenka baftisma?" Ashe katin 'yata na ɗauko. Amfanin barin makaranta a aji uku ke nan.

Maman Ladi ta shiga ɗaki. Ta buɗe littafin waƙoƙinta ta zaro katin na gaske, da hatimin likitan dabbobi. Ita ta ja Kofur wurin likitan da rani, ina zaune ina mata dariya.

An ce a ɗaure shi kwana goma a sa masa ido. Bitrus ya je asibiti, hankalinsa ya kwanta, har ya ci tuwon acca da mu.

Yanzu Maman Ladi ta ce baɗi ni zan kai Kofur allura, a ƙafa, ta tsakiyar kasuwa. Na ce to, ranki ya daɗe.